Shekarar da Kawu ya sayar wa maigadinsa shago

Shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, bashi ya yi wa kawuna katutu. Shagon yadi gare shi a Kakuri, cikin Kaduna, masaƙu kuma sun fara mutuwa. Masu binsa, 'yan kasuwa Inyamurai da wani Alhaji daga Makera, suka ce kotu za su je a yi gwanjon shagon. Kawu bai mallaki komai ba sai shi.

Wani lauya ya ba shi dabara: ya sayar da shagon a takarda, in ƙura ta lafa ya karɓi abinsa. Kawu ya zaɓi maigadinsa, wani tsoho Kirista daga kudancin jihar, wanda kowa ke kira Baba, don a ganinsa ba shi da wayon cin amana. Aka tara shaidu, Kawu ya ce ya sallama. Sisi bai shiga hannunsa ba.

Don kada a gane, Baba ya koma kujerar ciki, Kawu ya dawo bencin ƙofa. Da farko dariya muke yi a gida. Ni ce mai kai wa Kawu abincin rana, kuma ni na fara daina dariyar. Baba ya fara karkata hula irin ta Kawu. Yana auna yadi da irin jan hannunsa, har gyaran muryar nan da Kawu ke yi kafin ya faɗi farashi. Ba kwaikwayo yake ba, shi ya sa abin ya ba ni tsoro. Masu saye suka koma ce masa Alhaji, yana amsawa. Kawu kuwa ya rame, ya koyi gyangyaɗi a zaune, sandar gadi jingine da gwiwarsa. Wata rana tsaka na wuce shi da kwanon abinci ban gane shi ba.

Masu bashi suka gaji suka watse. Kawu ya sa babbar riga, na bi shi, ya shiga ya ce Baba ya ba shi makullai. Baba ya ɗago ya dube shi. Na nemi mugunta a fuskarsa ban samu ba, mamaki kawai na gani.

A hankali, da muryar Kawu, Baba ya ce, “Wa ka bar wa ƙofa?”

Kawu ya juya ya koma kan benci, ya ɗauki sandar.