Kunkurun Madam da Dutsen Cikin Firji

Shekaru sun ja, ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da safiyar da aka aike ni binciken kunkuru ba. Lokacin ina malamin dabbobi a Gombe, wato mai taimaka wa likita wajen allurar shanu da duba nama a mayanka. Shekarun da arzikin mai ya fara shigowa ne, ana ta shimfiɗa kwalta.

Wata Litinin cikin Disamba, Likita ya kira ni ofishinsa. Na tarar da wani Bature, injiniyan hanya, zaune fuska a murtuke. Likita ya bayyana mini cewa matar Baturen tana kiwon kunkuru, girmansa kamar akushi, wanda suka saya hannun wani Bafulatani. A ƙasarsu, in sanyi ya shigo, sai a sa kunkuru cikin akwati da ciyawa a ajiye a wuri mai sanyi, ya yi barci har wata uku. Da Madam ta ga Gombe ba ta da irin wannan sanyin, sai ta umarci kukunsu, Baba Iliya, ya sa akwatin a ƙasan firji. Bayan mako uku ta buɗe don ta duba, ta tarar da dutse kwance cikin ciyawa.

Likita ya ce, "Baturen yana zargin kukun, yana so ya kira 'yan sanda. Na roƙe shi ya ba mu yini ɗaya. Ka je ka ji bakin tsohon."

Na sami Baba Iliya a bayan kicin yana wanke tukwane. Dattijo ne daga kudancin Gombe, ya shekara wajen ashirin yana dafa wa Turawa abinci. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ina kunkurun?"

Ya ce, "Malam, yana inda Allah ya ajiye shi."

"A raye ko a ciki?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai ma abin da ka zo da shi ke nan?"

In faɗi gaskiya, da shi na zo. Wanda ya zauna ya zaɓi dutse daidai nauyin dabba, ya lulluɓe shi da ciyawa, ba mantuwa ya yi ba. Na ce masa in bai yi magana ba, gobe a caji ofis zai yi ta. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce in bi shi gida idan ya tashi.

Bayan la'asar muka tura kekunanmu zuwa Jekadafari, inda yake haya. Muna shiga, ƙamshin nama ya tare ni. Matarsa na zaune gaban wata babbar tukunya tana juyawa. Na ce a raina, shi ke nan, ya kawo ni in ga ƙarshen zance. Har na leƙa gefen murhu ina neman ɓawon baya. Matar ta lura, ta ɗaga ludayi ta nuna mini ƙafar akuya.

Baba Iliya ya zagaya da ni bayan madafa. A jikin katangar da zafin murhu ke dukanta akwai rami, ga kunkuru a bakinsa yana tauna ganyen rama a natse.

Ya ce, "Mun yi kiwon irinsa a gidanmu tun ina yaro. In zafi ya yi yawa ya shiga rami, in ɗari ya yi ya shiga rami ya rage ci, rana na fitowa ya fito. Ban taɓa ganin wanda ya yi barcin wata uku ba sai matacce. Kwana ɗaya ya yi a firjin nan, na ga hancinsa na kumfa, sai na ɗauko shi na sa dutse a madadinsa."

"Me ya hana ka gaya wa Madam?"

"Na gaya mata. Ta buɗe mini littafi. Kuku yana musu da littafi? Na ce in wata ukun sun cika in mayar da shi, ta ga ya farka lafiya, kowa ya huta."

"To, da asiri ya tonu fa, me ya hana ka faɗi inda yake?"

"Dokar gidan, duk abin da ya fita ƙofa cikin kwandona sata ne. In na ce yana gidana, ɓarawo ne ni. In na yi shiru, ɓarawo ne ni. Sai na zaɓi wadda ba ta da wahalar baki."

Washegari muka kai kunkurun. Baturen ya juya shi sama da ƙasa, ya ce ta yaya zai san ba wani aka sayo a kasuwa ba? Allah ya taimaka, watanni kafin nan an taɓa kawo mana shi cire kaska, kuma al'adata ce in rubuta kowace dabba a ɗan littafin aljihuna da ajami. Na buɗe na karanta: tsaguwa a gefen hagu ta baya, farce ɗaya ya karye a ƙafar dama. Baturen ya dubi rubutun, ya ce wannan ai ba ya iya karanta shi, ina iya faɗin abin da na ga dama. Sai da aka kira direbansa, aka fitar da ni waje, ya karanta masa daidai da yadda na faɗa. Likita kuma ya binciko a nasa littafin cewa kunkuru iri-iri ne: na ƙasashen sanyi yana wannan barcin, namu na yashi kuwa, sanyi ciwon ƙirji yake sa masa ya kashe shi.

Ba a kira 'yan sanda ba. Amma daga ranar Madam ta riƙe makullin sito, kuma kullum sai maigadi ya buɗe kwandon Baba Iliya a bakin ƙofa. Wata guda ya jure, ya ajiye aikin da kansa.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, kafin ku buɗe littafi a kan dabba, ku tambayi inda aka haife ta, ku kuma tambayi wanda ke ba ta abinci. Ni da takardar shaidata, ƙamshin miya ya ishe ni yanke wa dattijo hukunci. Na je har gida na nemi gafararsa. Ya ce, "Ba komai, Malam. Dukanku kun zarge ni, amma kai kaɗai ka tako ka duba."