Sada Mai Riƙe Fitila

Duk bikin da za a yi tsakanin Batsari da Wagini, sai ka ga Tayyib mai hoto tare da wansa Sada. Tayyib yakan cire 'yar fitilar kyamara ya miƙa wa Sada ya ɗaga daga gefe, don kada hasken ya kashe wa mutane ido.

A shekarar da ɓarayin daji suka addabi ƙauyuka ne suka harbe Sada a gonar gero. Bayan an share makoki, mahaifiyarsu ta ce, "Tayyib, wanko mini hoton ɗan'uwanka."

Ya yini yana dubawa, bai samu komai ba sai gefen hannun Sada riƙe da fitila a hoton wani ɗaurin aure. Shi ya kai mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Hannunsa ne. Bar mini."