Goggo Mai Guga da Rijiyar Unguwa

Goggo Mai Guga ta girma, ta yi aure, ta haihu, ta binne miji, duk a unguwar da ke manne da katangar jami'a ta baya. Sana'arta wanki da guga. Ɗalibai kan miƙo mata ƙullin kaya ta ƙaramar ƙofa, ta mayar musu a ninke, wuyan riga a tsaye. Ta san mai riga biyu kacal, ta san mai zubar da miya a ƙirji, amma ba ta taɓa taka cikin makarantar ba har furfura ta fito mata.

Shekarar da gudawa ta addabi yaran unguwa, jami'a ta buɗe ofishin hidimar al'umma. Wata Dakta mai sanyin murya ta zo da ɗalibanta da kwalabe, suna so su ɗebi ruwan rijiyar tsakiyar unguwa, su kuma auna yara. Mata suka rufe ƙofa. An sha zuwa musu da tambayoyi, in ji su, ba a taɓa dawowa da amsa ba. Wani ɗalibi ya ce a nemi Goggo, kowa yana jin maganarta.

Dakta ta same ta tsakanin igiyoyin shanya, ta durƙusa ta gaishe ta. "Goggo, mu ba irin waɗancan ba ne. In laifin rijiyar ne, burtsatse za a haƙa muku."

"Kin tabbata, 'yar nan? Da bakina fa zan je in faɗa."

"Na tabbata, Goggo."

Goggo ta ajiye dutsen guga ta bi gida-gida. Ta lallashi masu lallasuwa, ta yi wa masu taurin kai faɗa, ita ta fara miƙa hannu aka ɗebi jininta don kowa ya ga ba a mutuwa. Sakamako ya fito: ruwan masai yana tsiyaya cikin rijiyar. Dakta ta kai ta ɗakin gwaji, ta ce ta leƙa na'ura. Goggo ta ga wasu abubuwa suna motsi a cikin ɗigon ruwan da ta sha tun tana goye. Ta fito ta tofar da yawu.

Aka yi taro a babban zaure mai sanyi kamar cikin firji. Shugaban jami'a ya ce daga yau babu katanga tsakanin ilimi da jama'a. Aka tafa, aka ɗauki Goggo hoto. Washegari magina suka rufe bakin rijiya da siminti, suka kafa allo a filin da burtsatse zai zauna.

Allon ne kawai ya zauna. Mata suka koma ɗauko ruwa daga famfon bakin titi, da nisa, da layi, da rigima. In Goggo ta wuce sai a ɗaga murya: "Ga Mai Guga nan, ta hana mu jefa guga!" A yi dariya, ba ta wasa ba.

Ta ɗaura zanenta mai kyau ta tafi ofishin. Mai gadi ya tsare ta a rana har sai da wani ɗalibi ya shaide ta. A ciki ta tarar da baƙuwar fuska, wani jami'i. Dakta ta samu ƙarin girma, in ji jami'in, ta tafi ƙasar waje.

"To burtsatsen fa, Malam?"

"Ai shirin ya ƙare, Mama. Ya ma yi nasara sosai, an yaba shi."

"Wa ya yaba?"

Ya yi murmushi ya ce ta gaida gida.

Da rani ya tsananta, samarin unguwa suka zo da guduma suka fasa simintin. Kowa ya koma rijiya, ban da Goggo. Ita kaɗai ta gaskata mutanen jami'a, don haka ita kaɗai ta ci gaba da jan jarka daga bakin titi, tana hutawa a kowace inuwa. Ruwan bai isa wanki ba. Ɗalibai suka sami wani mai wankin, igiyoyinta suka bushe ba kaya.

Wata rana da hantsi, maƙwabciyarta da ta daɗe ba ta gaishe ta ba ta shigo da kofi a hannu, idonta ja. Ɗanta ne ba lafiya, likita ya ce a ba shi ruwan gishiri da sukari, da ruwa mai tsabta.

Goggo ta karkata jarka ta cika mata. Matar ta juya, ta kai ƙofa, ta tsaya kamar za ta ce wani abu.

"Yi sauri," in ji Goggo. "In ya ƙare ki dawo."