Habila Mai Zama a Kan Hannunsa

Ni Mudi ban gama sakandare ba. A aji biyu muka rabu da makaranta, ba faɗa ba zagi, kowa ya kama gabansa. Daga nan na taɓa kamasho a tashar Malumfashi, na taɓa faci, na taɓa sayar da kaset a Funtuwa, babu sana'ar da na zauna a cikinta har ta riƙe sunana. To ka ga ba ni ya kamata in yi wa mutane bayanin kwamfuta ba. Sai dai Habila ba zai rubuta labarin kansa ba ko za a ɗaure shi, shi ya sa na ɗauki biro.

Tare muka tashi a Ƙarfi, danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Su Kirista, mu Musulmi. Ranar Kirsimeti in ci shinkafarsu, ranar Sallah ya ci namanmu, kuma ni ke cin riba don cikina ya fi nasa zurfi. Babansa, Malam Ishaya, manomi ne, da rani kuma yana sassaƙa ƙotar fartanya. Idan mutum ya zo neman ƙota, Malam Ishaya ba ya tambayarsa wace iri yake so. Sai ya miƙa masa wata tsohuwar fartanya, ya ce ya ɗan taɓa masa noma a bayan gida. Shi kuma ya tsuguna yana kallo: yadda mutumin ya sunkuya, inda ya kama, hannun da ya sa a gaba.

Wata rana na ce masa, "Baba, wannan ai wayo ne, a yi maka noma kyauta."

Ya yi dariya ya ce, "Mudi, in na tambaye shi, cewa zai yi kowace ma ta yi. In na ba shi wadda ba ta dace da shi ba, zai ce madalla, ya je ya ƙare damina da ciwon baya, kuma ba zai dawo ya gaya mini ba. Mutanenmu ba sa kushe aikin mutum a gaban idonsa."

Habila na gefe yana saurare. Ni hankalina na kan gwaibar da ke bayansu.

Shi karatu ya karɓe shi. Ya tafi Zariya, ya yi lissafi, daga lissafi ya faɗa kwamfuta. Shekarar da aka ba mu jihar Katsina ya dawo, wani kamfanin sayen auduga a Funtuwa ya ɗauke shi. An ware wa kwamfutar kamfanin ɗaki nata ita kaɗai, mai sanyi kamar randa, kuma sai ka cire takalmi kafin ka shiga. Gaskiya sanyin ne ya fara kai ni, ba zumunci ba.

A ɗakin nan ya koya mini 'yan kalmomin aikinsa. Ya ce na'urar ba ta san komai ba, abin da ya rubuta mata take bi, umarni bayan umarni, shi ake kira furogiram. Abin da ke fitowa a allo, wanda mutum zai gani ya san inda zai danna, shi suke kira fuska. Wanda ke zaune gabanta yana aiki, sunansa mai amfani. Idan furogiram ya yi abin da ba a sa shi ba, sai su ce akwai ƙwaro a ciki, a shiga farauta. Kafin a yi na gaske kuma ana fara yin samfuri, wato na gwaji, wanda aka yi don a ga inda zai karye.

Na ce, "To wa ke karya shi?"

Ya ce, "Kai. Duk Funtuwa babu wanda ya kai ka ɓarna."

Haka na zama ɗan gwajinsa. Sai ya zaunar da ni, ya ce in shigar da sunan manomi da nauyin audugarsa, shi kuma ya ja kujera gefe, ya cusa tafukan hannunsa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa, ya zauna a kansu.

"Habila, ina zan danna?"

Sai ya ƙara danne hannunsa.

"Kai, Zariya kurumta suke koyarwa?"

"Ranar aikin gaske ba na kusa," in ji shi. "In sai na nuna maka, to fuskar ce ba ta yi ba. In ban danne hannun nan ba kuwa, sai ya miƙe ya nuna."

Duk inda na yi tuntuɓe, kashegari sai in tarar ya gyara wurin. Bai taɓa ce mini daƙiƙi ba, abin da malamaina na aji biyu ba su iya daurewa ba.

Amma ba don ni aka rubuta furogiram ɗin ba. Don Mama Rahab aka yi shi, mai buga tafiretar kamfanin. 'Yar Gozaki ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara a makaranta, kuma tana kan kujerar nan tun mu ba mu iya ɗaura wando ba. In tana bugu, sai ka rantse ruwa ake yi a kan kwano. Manaja, Alhaji Maitama, ya sa aka ɗauke tafiretar aka kai sito, ya ce daga yanzu komai na manoma a kwamfuta za a shigar.

Nan matsala ta tashi. Mama Rahab za ta cika shafi, ta kusa gamawa, sai kawai allo ya share, aikin ya ɓace kamar ba a yi ba. Yau haka, gobe haka. Alhaji Maitama ya gaji, ya ce idan aka buɗe kasuwar auduga ba ta iya ba, akwai wata yarinya a Kaduna da ta koyi abin a makaranta, ita za ta hau kujerar. Mama Rahab ba ta da gona, ba ta da shago. Kujerar nan ce tuwon gidanta.

Abin da Habila yake yi mini, bai taɓa yi mata ba. Sa'ar mahaifiyarsa ce, ƙungiyarsu ta matan zumunta ɗaya a coci. Ina zai iya zaunar da ita tana fama, shi yana zaune kan hannunsa yana kallo? Kunya ba ta bar shi ba. Sai ya tsaya a bayanta yana nuni da yatsa, a ƙarshe ya ce, "Mama, kin gane?"

Ita kuma ta ce, "Na gane, ɗana. Aikinka ya yi kyau. Kaina ne ya tsufa."

In yana tsaye, da yatsa ɗaya take dannawa, a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, komai ya tafi daidai. Yana fita, shafi ya ɓace. Ya bi furogiram ɗin daga sama har ƙasa yana neman ƙwaro, bai samu ba. Ya sake zaunar da ni, na cika shafi har ƙarshe, bai ɓace ba. Kowa a ofis ya yanke cewa tsohuwa ce ta kasa.

Wata la'asar muna shan rake a gindin dalbejiyar bakin ƙofa, ya ce mini, "Mudi, in na yi shiru, babu wanda zai ce laifina ne. Ita kanta ta ce nata ne."

"To ka yi shirun mana."

"Shi ne ba ya barina in ji daɗin raken nan."

Ni da wasa na ce, "To ka ba ta fartanya ta taɓa maka noma a bayan gida."

Sai ya daina tauna. Ya daɗe yana kallona, har na fara zaton na yi saɓo. Can ya ce, "In ta san ina kallo, ba za ta yi aiki yadda ta saba ba. Kana iya sa ta manta da ni?"

Wannan kam sana'ata ce.

Da safe ya shige ƙuryar ɗakin, ya baje wasu wayoyi a gabansa kamar mai gyara, sannan ya zauna kan hannunsa. Ni kuma na faɗo da sallama.

"Mama, barka da aiki. An ce ke da na'urar nan kun zama kamar suruka da surukarta."

"Kai Mudi, fita ka ba ni wuri. Yau kuma daga wace sana'ar aka kore ka?"

"Ba a kore ni ba, Mama, hutu na ba su. Wai da gaske ne a Gozaki in baƙo ya zo, kaza ake nuna masa daga nesa a ce ya ci?"

"Ɗan banza! Ku mutanen Ƙarfi da kuke lasar murfin tukunya ku ce kun yi biki? Zo gidana ka ga yadda ake tarbar baƙo, ko da yake kai ba baƙo ba ne, annoba ce."

Tana zagina tana bugu. Yatsa ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama duka. Ruwa ya sauko a kan kwano. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a ɗakin ba: idonta na kan takarda, bakinta na kaina, yatsun na tafiya su kaɗai. Da ta kai ƙarshen layi, sai hannunta na hagu ya tashi sama, ya kai mari a iska, bai sami komai ba, ya sauko a kan maɓallin da ke can ƙuryar sama ta hagu. Allo ya share.

Ta tsaya. Ta ce a hankali, "Ka gani ko? Ya sake tafiya. Wallahi ban taɓa komai ba."

Kuma gaskiya ta faɗa iyakar saninta. A tafireta akwai wani hannun ƙarfe ta hagu, wanda ake turawa in layi ya ƙare don a koma sabo. Shekara da shekaru hannunta na yin wannan, har ya daina neman izininta. Ƙarfen ya tafi sito, hannun bai samu labari ba. Maɓallin ƙuryar nan kuwa shi Habila ya sa ya zama na fasawa: ka taɓa shi, aikin da ke allo ya tafi, ba tambaya. Ni ban taɓa buga tafireta ba, yaushe gwajina zai gano wannan?

Na waiga. Habila na nan zaune kan hannunsa, idonsa ya yi ja.

Da ta fita shan iska na ce, "Shi ke nan, an kama ɓarawo. Ka ce ta daina, ko mu ɗaure hannun da kujera."

Ya ce, "Hannun nan ya girme mu a aiki. Furogiram ɗin kuwa damina ɗaya na yi ina rubuta shi. Wanne ya kamata ya matsa wa wani?"

Bai hana hannun komai ba. Maɓallin ya sauya wa aiki: yanzu in ta taɓa shi, sabon layi yake buɗewa, abin da hannun ke nufi tun farko. Fasawa ya kai ta can nesa, kuma sai na'urar ta tambaya ko da gaske ake kafin ta share. Har wata 'yar ƙararrawa ya sa tana kaɗawa a ƙarshen layi, irin ta tafireta.

Sauran abu ɗaya, zuwa wurin manaja. Na raka shi har ƙofa, na tsaya inda kunne ke kaiwa.

"Ranka ya daɗe, ɓacewar aikin nan daga wurina take, ba daga Mama ba."

"Kai da muka ɗauko daga Zariya? Injin ne ya lalace?"

"Injin lafiyarsa ƙalau. Ni na haƙa rami a inda ƙafarta ta saba takawa, kuma ban tsaya na ga yadda take tafiya ba."

"Watau duk makonnin nan da muka yi asara, kai ne."

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Alhaji Maitama ya yi masa faɗa sosai, ni ma a waje sai da na sunkuyar da kai. Daga baya ya taso, ya cire takalmi, ya tsaya a bakin ɗakin sanyi yana kallon Mama Rahab tana cika shafi bayan shafi, ƙararrawa na kaɗawa. Abin da ya ce kawai shi ne, "To." Aka buɗe kasuwar auduga, yarinyar Kaduna ba ta zo ba. Amma akwai wani kwas na ƙaro karatu a Legas da aka yi wa Habila alkawari, sai aka tura wani. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma da bakina ba ya rufuwa na bar ta.

Da Kirsimeti a Ƙarfi, ina cin shinkafarsu, Habila ya yi ta ƙoƙarin yi wa babansa bayanin aikinsa, fuska da samfuri da mai amfani. Malam Ishaya ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Duk karatun nan ashe ƙota ka je ka koyo." Habila ya yi dariya har ya ƙware.

Mama Rahab har yau ba ta san abin da hannunta ke yi ba. Tana gaya wa matan zumunta cewa da ƙyar da addu'a ta shawo kan kwamfuta, in Habila na wurin sai ya ce, "Haka ne, Mama." Na so in gaya mata, ko don in rama annobar da ta kira ni. Ya ce in bari, in ta sani za ta fara tsaron hannun, bugun ya lalace.

Yanzu ina bin wata babbar mota da ke ɗaukar masara daga Mahuta, ban san ko za mu kai rani tare ba. In mun biyo ta Funtuwa nakan leƙa ɗakin sanyi. Tana nan a kujerarta. Ƙararrawa ta kaɗa, hannun hagu ya tashi, ya mari iska, ya sauko, sabon layi ya buɗe. Ba ta ko ɗaga kai sai ta ce, "Mudi, rufe mana ƙofa, kana fitar da sanyi."