Ranar da Lasifikar Masallaci ta Lalace

Ƙarfe bakwai da kwata na farka, na tarar da matata da yaranmu zaune a falo, kowa da Littafi Mai Tsarki a hannu, suna jirana. Ni na kafa dokar addu'ar safe tun zuwanmu Dutse: ƙarfe biyar a fara waƙa, sannan karatu, sannan addu'a, wanda ya makara kuma babu shayi. Ashe ladanin unguwarmu, wanda kullum nake ƙorafi kan muryarsa, shi ke tada ni. Ranar kuwa lasifikarsa ta lalace.

"Baban yara, yau sai ruwa," in ji matata, tana kawar da kofina.

Har yanzu ba a gyara ba. Don Allah, in ka san mai gyaran lasifika, turo shi unguwarmu.