Kason Auta a Gwangwani

A gidanmu na Dakoro, in an sauke tuwo bayan magariba ba a kashe wuta. Kakata, wadda ta haifi babana, takan ja tabarma kusa da murhu, ta tura karan gero, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Tsohuwa ce mai baki. Duk yaron da ya yi gyangyaɗi sai ta ce, "Ku dubi mijin nan nawa, rago, ko gyaɗa ba shi iya tsaro." Ita ke yi wa unguwa alkaki da nakiya, kuma ta san kwanakin kowane abinci: masa ta yini ɗaya ce, fura in ta kwana ta yi tsami, alkaki in ya sha zuma ya kai wata.

Autanta, Baba Idi, Nasara suka ɗauka soja suka kai shi yaƙi bayan teku. Wata rana wani abokin tafiyarsa, mutumin Sabon Maci, ya dawo ya kawo mata saƙonsa: gwangwanin biskiti. Ba mu taɓa gani ba. Rawaya ne, kowane da zane iri ɗaya, yana ƙamshin da ba na zuma ba, ba na man shanu ba. Kaka ta gutsura, ta juya shi a baki, ta tambayi baƙon mace nawa suka yi wannan aiki.

"Iya, ba hannu ne ba, inji ne," in ji shi. "Suna zuba mishi launi, da turaren abinci, da wani magani mai hana shi lalacewa. Shi shekara bai san an yi ba."

Ta ba mu rabi-rabi, ta rufe sauran ta ce kason Auta ne. Al'adarmu ce, wanda ba ya nan a ajiye masa nasa. Amma mu mun saba da kason tuwo, wanda in mai shi bai zo ba, da safe ya zama ɗumame a ba yara.

Ba a jima ba gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo daga barikin kumandan ya ce Baba Idi ya rasu a can. Kaka ta ce ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, kuma ga kasonsa nan lafiya lau yana jiransa. Ta hana a yi masa sadaka, ta hana a ce marigayi. Babana ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi don kunya, shi ma ba ya iya musu da ita. Abin ya dame shi ƙwarai, ƙanensa yana kwance a ƙasar da ba mu sani ba, babu ko fatiha daga gida. Damina biyu aka yi a haka.

Ranar da nake son faɗa, na gan ta da la'asar ta buɗe gwangwanin ta daɗe tana kallo. Da muka zauna bakin wuta ba ta tsokani kowa ba. Babana yana bayan zana yana gyaran igiya.

"Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri," ta ce. Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai wata mata ce takaici ya ishe ta, kullum tuwonta ya kwana ya yi yauƙi, dole ta miƙa wa maƙwabta ta kan danga tun bai ɓaci ba. Sai ta je gindin tsamiya ta roƙi aljanar wurin. Aljana ta ba ta wani farin gari ta ce ta barbaɗa a tukunya, abin da ta dafa ba zai ƙara lalacewa ba. Mata ta yi murna. Ta daina miƙa akushi ta kan danga, maƙwabta su ma suka daina miƙo nasu. Ta cika ɗaki da tuwo, malmala kan malmala. Da yake babu abin da ke tsami a ɗakin, sai ta rasa gane jiya da yau. Ta zauna tsaron tuwo, tana cewa ai ɗazu ta tuƙa shi. Ran da ta leƙa waje neman wanda zai ɗebo mata ruwa, ta tarar yaran da ta sani sun yi furfura, babu wanda ya san sunanta.

"To, sai me ya faru?" wani wana ya tambaya.

"Ba abin da ya hwaru. Shi ne mugun abun." Ta tona gyaɗa ta tura mana. "Abinci da ke tsami gaskiya yaka hwaɗi. Shina ce miki, wance, kwana ya tahi, tashi ki ba wani."

Ba ta rufe tatsuniyar da ƙurunƙus kan ɓera yadda ta saba ba. Ta ce da ni in ɗauko gwangwanin a ƙarƙashin gado. Ta raba mana duka, har jaririn da aka haifa bayan zuwan saƙon, wanda ya riga ya fara tafiya. Na ci nawa. Yana nan da zaƙinsa da ƙamshinsa kamar ranar farko, kuma wannan ne ya ba ni tsoro. Sannan ta juya wajen zana.

"Kai da ke nan, gobe ka hwaɗa wa liman. Ni ka toya masar sadakar Auta da hannuna."

Na ji babana ya ajiye igiya, ya ce, "To, Inna." Washegari masa ta shiga kowane gida a unguwa, kafin la'asar babu ko ɗaya.

Yanzu ni ce kaka. Jikokina suna kawo mini biskiti da kek a cikin leda daga Maradi, su karanta mini jerin abin da aka zuba da Faransanci, launi, ƙamshi, maganin ajiya, sunaye kamar na allura. Likita ya ce in rage, don sukarin. Ban ce guba ba ne, kuma na san abin da ba ya lalacewa ya ceci matafiya da yawa. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar rowa ce aka ba mu. Sai da na binne nawa mutanen na gane cewa ba mu take ba wa ba, kanta take ba wa. Da kason Baba Idi tuwo ne, da tun safiyar farko ta yi kukanta ta gama. Wancan farin garin ya ajiye mata biskiti, ya ajiye mata kukan tare da shi, damina biyu.