Kundin Digirin 'Yarsa

Dattijon da ke gabana a shagon gyaran kwamfuta a Lahor yana rungume da kwamfutar 'yarsa, nannaɗe cikin mayafi. Gemunsa ya sha lalle, ga alƙalami biyu a aljihu. Ina jin tsohon malamin makaranta ne.

"Kwamfutar ce ta cika, na goge mata wasu abubuwa wata uku da suka wuce, tana asibiti," yake cewa ƙasa-ƙasa. "Ai kundin digirinta yana ajiye a intanet."

Tanwir mai gyara yana girgiza kai. "Baba, a haɗe suke. In ka goge nan, can ma ya tafi. Bayan wata biyu kuma ba ya dawowa."

Dattijon yana ta murza hularsa, ya kasa kallon kowa.

"Ni da nake mata faɗan sakaci," ya ce. "Gobe za a sallamo ta."